Gogen Turawa da sarewar ƴan asalin Amurka a gidan zane-zane: wa ke bin wani?

Bazazzagiya:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Tambaya gare ni ga masu kunnen kiɗa a cikinmu, musamman Baba Mai Alli. In aka ɗauko makaɗin gargajiya aka zaunar da shi a tsakiyar masu gogen Turawa, aka ce an haɗa al'adu biyu, a cikinsu wa ke bin wani?

Ga abin da ya kawo maganar. A garin da nake karatu a nan Amurka, gidan baje kolin zane-zane yakan shirya kiɗa da maraice, a cikin zauren hotunan ake jera kujeru, ba wani ɗakin taro daban ba. Wanda na halarta masu goge huɗu ne, irin rukunin da Turawa suka saba: ƙanana biyu, matsakaici ɗaya, sai babban nan da ake kafa masa ƙafa a ƙasa a riƙe shi tsakanin gwiwoyi. Na biyar ɗinsu wani dattijo ne ɗan asalin ƙasar, da sarewarsa ta katako da ƴar ganga mai fuska ɗaya.

Kiɗan farko wani malamin jami'a ne ya tsara shi. Su huɗun kowa da takardarsa a gaba, dattijo kuwa yana zaune da sarewa a cinya, yana jira. Sai da aka yi nisa shugaban masu gogen ya ɗaga masa gira, ya busa na ɗan lokaci, ya mayar da ita cinya. Ya yi daɗi, ban musa ba. Amma barbaɗa shi aka yi kamar yaji a kan tsire: da an manta da shi, naman dai yana nan.

Na biyu nasa ne. Kafin ya fara ya roƙi kowa ya mayar da waya aljihu, ya ce wannan ba ta ɗauka ba ce. Ya buga ganga, ya ja waƙa da harshensu. A nan na ga mai babban gogen ta daina duban takarda, ta zuba wa kafaɗarsa ido. In ya ja numfashi ita ma ta ɗaga baka, in ya sauke ta sauke. Mutanen nan biyar ne dai ba a ƙara kowa ba, amma sai ka ce wasu aka kawo. Sai da tsigar jikina ta tashi.

Ni a ganina bambancin yana wurin wanda ya riƙe linzami. Ku fa?

Jikan Mai Goge:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ai tun daga wurin da aka zaɓa aka ɓata rawar. Me ake kaiwa irin waɗannan gidaje? Abin da aka rataye don a kalla, a karanta ƴar takardar da ke gefensa, a wuce. Kakana goge ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, ban taɓa ganin ya yi wa mutanen da suka harɗe hannuwa suka yi tsit ba. In bai ga ƙura ta tashi ba, in ba a yi masa liƙi ba, in wata ba ta rangaɗa guɗa ba, a wurinsa wasa bai yi ba. Ki ɗauki mutum irinsa ki ajiye tsakanin hotuna, shi ma ya zama ɗaya daga cikin kayan da aka zo kallo.

Baba Mai Alli:
Ƴata Bazazzagiya, Allah ya ba da sa'ar karatu. Jikan Mai Goge, ka ɗan sassauta, bari mu fara da sanin su waye masu goge huɗun nan.

Wannan kiɗa na ƴan mutane kaɗan ba a manyan dandamali aka haife shi ba, a ɗakunan sarakuna da attajiran Turai ya tashi. Joseph Haydn, wanda ake ɗauka shi ya daidaita wa rukunin masu goge huɗu zama, ya tsara musu kiɗa kusan 68. Shi kansa baran gidan sarauta ne: a 1761 ya shiga hidimar gidan Esterhazy, da kayan aiki irin na barorin gidan a jikinsa, yana jiran a faɗa masa irin kiɗan da maigida ke so. Wato makaɗin fada ne, duk wanda ya san zaman su Narambaɗa da Sa'idu Faru da iyayen gidansu zai gane wannan zama. Na faɗi haka ne don kar mu ɗauka ɗayan ɓangaren kiɗan ilimi ne, ɗayan kuma na gargajiya. Duka biyun gargajiyar wasu ce. Ɗaya dai ta samu takarda da makarantu da jiragen ruwa da suka yaɗa ta.

Abin da ya sa nake ganin ƙaramin rukuni ya fi dacewa da irin wannan haɗi shi ne, ba shi da mai sanda a gaba. A babbar ƙungiya ta mutum saba'in ko tamanin, dole kowa ya bi hannun mutum ɗaya, baƙon da aka gayyato kuwa ko ya bi ko ya ɓace. Mutum huɗu ba su da madugu sai kunnuwansu da idanunsu. Abin da kika gani, na mai babban goge tana kallon kafaɗar dattijo, shi ne aikinsu na kullum, haka suke kallon juna. Sai dai a wannan karon ɗan wani gida suka kalla.

Mai Sitidiyo:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni bari in shigo ta ɓangaren da nake ci da shi. Kafin a zo maganar wa ke da linzami, akwai maganar wa zai sake ɗaurin tsirkiyarsa.

Fiyano an raba masa sauti gida goma sha biyu daidai wa daida, kuma yawancin makaɗan Turai suna saita kayansu a kan sauti guda mai kaɗawa 440 a daƙiƙa. Sarewar da mutum ya sassaƙa da hannunsa, ya auna ramukanta da faɗin yatsunsa, ba ruwanta da wannan lissafi. Haka gogenmu: izgar doki ce a kan ƙoƙo da fatar guza, in hunturu ya shigo sautinsa daban, in damina ta sauka daban, mai shi da muryarsa yake daidaita shi.

In ka haɗa irin wannan da fiyano, an gama magana, fiyano ba ya lanƙwasuwa. Shi ya sa yanzu masu sassaƙa sarewa da yawa suke yin ta a kan ma'aunin Turawa tun daga farko, don ta shiga kasuwa. Amma gogen Turawa ba shi da matakai a wuyansa, duk inda ka ɗora yatsa nan sauti yake. Saboda haka masu goge huɗu ba su da uzuri. In sun so za su iya sauka su tarar da baƙonsu a inda yake. In ka ji baƙon ne kullum ake ce wa sautinsa ya karkace, to ka san amsar tambayar Bazazzagiya.

Jikan Mai Goge:
Yauwa Mai Sitidiyo. Kuma kai ma shaida ne, a sitidiyonku na nan gida haka kuke yi wa masu kukuma da gurmi, ku sa na'ura ta miƙe musu sauti har ya koma na roba.

Mai Sitidiyo:
Yaya, abin da mai waƙa ya biya shi ake yi masa. Wannan muhawarar wata rana ce.

Abu Ammar:
Jama'a duk wannan dogon bayani a kan kiɗa? Ku ji tsoron Allah, lokaci yana da tsada.

Sarkin Zaure:
Malam Abu Ammar, mun gode da tunatarwa. Maganar hukuncin kiɗa an yi ta a nata zaren, yana nan ga mai so. Nan tarihi da al'adun wasu mutane ake tattaunawa. A ci gaba.

Bazazzagiya:
Yaya Jikan Mai Goge, maganarka ta gidan kallo tana da tushe fiye da yadda kake zato, don a ƙasar nan abin ya wuce misali. A 1883 hukumar Amurka ta fitar da dokokin da suka haramta wa ƴan asalin ƙasar wasu raye-rayensu da bukukuwan ibadarsu, wanda aka kama sai a hana shi rabon abinci ko a ɗaure shi. Kafin nan, a 1879, an buɗe makarantar kwana ta Carlisle a jihar Pennsylvania, inda ake kwaso yaransu daga nesa, a aske musu gashi, a hana su harshensu. Kuma makarantar tana da ƙungiyar badujala da ake alfahari da ita. Wato an karɓe ganga daga hannun yaro an miƙa masa ƙahon soja.

A wannan zamanin kuma masu bincike suna yawo da na'urar ɗaukar murya suna tara waƙoƙin, wai kafin masu su su ƙare. Frances Densmore ta fara wannan aiki wa cibiyar Smithsonian a 1907, ta ɗauki waƙoƙi dubbai. Akwai sanannen hotonta na 1916, tana zaune da wani shugaban ƙabilar Blackfoot a gaban bakin na'urar. A gida an hana ka rerawa, a ma'ajiyar gwamnati kuma an adana muryarka. Sai 1978 aka yi dokar da ta amince da ƴancin ibadarsu.

Su kuma masu tsara kiɗa na Turawa sai suka samu rumbu. Antonin Dvorak, mutumin ƙasar Cek da ya shugabanci wata makarantar kiɗa a New York daga 1892 zuwa 1895, ya shawarci Amurkawa su gina kiɗansu a kan waƙoƙin baƙaƙen fata da na ƴan asalin ƙasar. Wasu irin su Arthur Farwell suka ɗauki shawarar, suna ɗebo karin waƙa daga abin da masu bincike suka rubuta, su ɗora masa fiyano, sunansu ya hau kai.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na Zitkala-Sa ne, ƴar ƙabilar Dakota. Ta yi makarantar kwana, ta ƙware a gogen Turawa, ta yi karatunsa a Boston, har ta koyar a Carlisle ɗin. A 1913 ita da wani malamin kiɗa, William Hanson, suka yi wasan kwaikwayo na waƙa a kan rawar rana ta mutanenta, rawar da aka haramta. Ita ta kawo waƙoƙin da sanin al'adar. Da aka nuna wasan a New York a 1938, shekarar da ta rasu, sunan Hanson kaɗai aka tallata.

Anti Bakatsiniya:
Innalillahi. Wannan ai cin amana ne tsagwaronsa.

Amma ku bar ni in kare gidan zane-zanen kaɗan, don na ga an taru a kansa. Ni a Landan nake, kuma a nan akwai tarihin da har yanzu ake tunawa. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, an kwashe hotunan babban gidan zane-zane na ƙasa an kai su ɓoyo a yankin Wales, an rufe wuraren wasanni saboda tsoron bama-bamai. Wata mai kaɗa fiyano, Myra Hess, ta nemi a ba ta zauren da ya zama wayam, ta riƙa shirya kiɗa da tsakar rana, kuɗin shiga sule ɗaya. Aka yi ta yi har 1946, wasanni sama da 1,600. Masu aikin ofis, sojoji, ƴan share titi, mutanen da ba su taɓa taka ƙafa a ɗakin kiɗa na masu kuɗi ba, nan suka fara ji.

Har yau haka abin yake a wurare da yawa. Wanda zai ji nauyin sayen tikitin babban ɗakin kiɗa, ya rasa ma irin kayan da zai sa, yakan shigo gidan zane-zane da yaransa ranar hutu ya ci karo da kiɗa. Kuma ɗana Jikan Mai Goge, ba kowane kiɗan gargajiya ne na ƙura da guɗa ba. Sarewar makiyayi fa? Molo da daddare fa? Kuntigin Ɗan Maraya Jos ai da mutane sun yi shiru ya fi shiga jiki. Akwai kiɗan da lasifikar gidan biki take kashewa, ɗaki mai shiru ne kaɗai zai ba shi haƙƙinsa.

Jikan Mai Goge:
Anti, na karɓi ta sarewar makiyayi. Amma su Myra Hess a gidansu suke, hotunan kakanninsu ne aka saba ratayewa a bangon. Dattijon da ƙanwata ta gani fa, kayan wa ke cikin gilashi a irin waɗannan gidaje, kuma ta yaya suka zo?

Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira. Wannan tambaya ta Jikan Mai Goge ita ce ni ma ke ci mini tuwo a ƙwarya. A Paris akwai gidan tarihi na Quai Branly da aka buɗe a 2006, na kayan Afirka da Asiya da Amurka da tsibiran teku. Kana shiga za ka ga wata doguwar hasumiya ta gilashi da ta ratsa benaye, cike da kayan kiɗa dubbai, ganguna, garayu, ƙahonni, a jere cikin duhu-duhu, kowanne da lambarsa. Babu mai taɓa su. A cikin ginin kuma akwai zauren wasa inda ake gayyato makaɗa daga ƙasashen da aka kwaso kayan. Na taɓa zama a ciki, kiɗa ya yi kyau ƙwarai, amma hankalina yana kan waɗancan da ke cikin gilashi.

Sai dai ba zan ce adanawa ba ta da rana ba. A Nijar, marigayi Malam Maman Barka, da aka sani da gurumi, ya tafi har gaɓar tafkin Cadi ya koyi biram, garayar Buduma mai tsirkiya biyar, a hannun tsohon da ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya ta. Da bai je ba, da yanzu sai dai a nuna wa yara ita a rataye. Shi ya ɗauke ta ya kai ta dandamalin Turai da hannunsa. Ya rasu a 2018, Allah ya jiƙansa. Bambancin a wurina shi ne mai kayan ne ya kai kayansa.

Bazazzagiya:
Amin. Kuma Yaya Ɗan Damagaram, a nan Amurka ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashin gidajen. Tun 1990 akwai dokar da ta wajabta wa gidajen tarihi masu karɓar kuɗin gwamnati su mayar wa ƙabilu ƙasusuwan kakanninsu da kayan ibadarsu, amma aka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. A Janairun 2024 sababbin ƙa'idoji suka fara aiki, suka ce ba a baje irin waɗannan kaya sai da yardar masu su. Cikin ƴan kwanaki babban gidan tarihin halittu na New York ya rufe zaure biyu, na Field a Chicago ya lulluɓe wasu akwatunan gilashi, gidan zane-zane na Metropolitan ma ya janye wasu abubuwa daga sashensa na kayan kiɗa. Don ganga ko caki a wurin wasu ƙabilun ba kayan nishaɗi ba ne.

Waƙoƙin ma haka. A wurin ƙabilar Navajo akwai waƙoƙi da labaran da sai da hunturu ake yin su, in lokacinsu ya wuce an rufe bakinsu sai baɗi. Akwai waɗanda mallakar wani gida ne ko wata ƙungiya. Mai tsara kiɗan da ya tsinci irin wannan a tsohon faifai ya saka a aikinsa, ko da zuciya ɗaya ya yi, ya taɓa abin da ba a ba shi ba.

Ɗan Zongo:
Gaisuwa daga Kumasi. Ni dai kar a sa mu jefar da abin kirki saboda laifin mutanen da. Ku duba Kronos Quartet, rukunin masu goge huɗu na Amurka da David Harrington ya kafa a 1973. A 1992 sun fitar da faifai na kiɗan Afirka zalla, kuma ba su je sun kwaso karin waƙa sun sa sunansu ba. Ƴan Afirka ne suka tsara, kowa da sunansa a kan aikinsa: Obo Addy namu na Gana, Foday Musa Suso mai kora (wani abin kiɗa na ƙwarya mai tsirkiya da yawa) daga Gambiya, Dumisani Maraire daga Zimbabuwe, Hassan Hakmoun daga Maroko, da Hamza El Din, ɗan yankin Nubiya na kudancin Masar mai kaɗa udu, wato molon Larabawa, wanda ruwan madatsar Aswan ya cinye garuruwan mutanensa. Da yawansu ma sun shiga sun buga tare da su. Faifan ya yi kasuwa sosai. Daga baya, a 2017, suka yi wani da Trio Da Kali na Mali, gidan makaɗan gado: Hawa Kasse Mady Diabate tana waƙa, Lassana Diabate a kan balafon (jerin katakan da ake bugawa da ƴan sanduna), Mamadou Kouyate a kan ngoni (irin molon ƙasarsu). Wanda ya saurara zai ji muryar Hawa ce a gaba, gogen huɗu suna yi mata amshi. To a nan wa aka cuta?

Mai Sitidiyo:
Ɗan Zongo ka kawo misali mai kyau, don balafon katako ne da aka riga aka sassaƙa, ba a matsa shi a tsakiyar wasa. Duk wanda zai yi kiɗa da shi dole ya zo inda yake. Amma ka sani, balafon na asali a ƙasar Mande tazarar sautinsa bakwai kusan daidai take, ba irin ta fiyano ba, kuma makaɗa da yawa na yanzu suna da wanda aka sassaƙa musamman a kan ma'aunin Turawa don irin wannan haɗuwa. Wani lokaci an riga an yi sulhun tun a wurin masassaƙi, kafin kowa ya hau dandamali, mai sauraro bai sani ba.

Baba Mai Alli:
Duk na ji ku. Amma akwai wani zato da ke ƙarƙashin maganarmu tun ɗazu, har da ke ƴata: cewa Bature ne ke da goge da takarda, ɗan ƙasa kuma yana da sarewa da ganga. Wannan rabo ya daɗe da rushewa.

A nan Najeriya Fela Sowande ya tsara kiɗa wa kayan tsirkiya na Turawa tun a shekarun 1940, da karin waƙoƙin Afirka ta Yamma a ciki. Akin Euba ya ƙare rayuwarsa yana neman yadda fiyano zai yi magana irin ta gangunan Yarbawa. A Gana akwai Kwabena Nketia, Ɗan Zongo ya san shi. Waɗannan ba baƙi ba ne a kowane ɓangare.

A Amurka ma haka. Jerod Tate ɗan ƙabilar Chickasaw ne, ya yi karatun fiyano da tsara kiɗa, yana rubuta wa manyan ƙungiyoyi da harshen mutanensa. Raven Chacon kuma Navajo ne, shi ne ɗan asalin ƙasar na farko da ya ci kyautar Pulitzer ta kiɗa, a 2022. Ku lura da abin da ya ci da shi. An fara buga shi a 2021 a wata babbar majami'ar Katolika da ke Milwaukee, da ogan na cocin da kayan kiɗan Turawa, kuma ko da yake sunan aikin yana nuni da addu'ar coci, babu mai waƙa ko ɗaya a ciki. Da gangan ya bar gurbin muryar, a cikin ginin da ke wakiltar waɗanda suka taɓa hana mutanensa magana da harshensu. Wanda ya je neman sarewa mai sanyaya zuciya bai samu ba. A shekarar da ya ci kyautar, gidan zane-zane na Whitney a New York ya baje ayyukansa, ciki har da takardun kiɗa da ya zana don girmama Zitkala-Sa ɗin da kika ambata. Ka ga nan gidan zane-zane bai rataye shi ba, shi ya rataye abin da ya ga dama.

Jikan Mai Goge:
Baba, da girmanka, amma wannan ai ya ƙara ƙarfafa maganata. Sai da ya koyi rubutunsu, ya buga kayansu, ya shiga cocinsu, sannan suka ba shi kyautarsu. Tsohon da ya haddace waƙoƙin dare tara na bikin warkarwa na Navajo, bai kuskure ko ɗaya ba, wa ya ba shi Pulitzer?

Baba Mai Alli:
Babu. Kuma ina zaton ba ya nema, don ba domin su yake yi ba. Amma ɗana, kar ka mayar da rubutu abokin gaba. Chacon ya yi shekaru yana koyarwa a wani shiri da bikin kiɗa na Grand Canyon ke gudanarwa, inda ake zuwa makarantun sakandare na ƙabilun Navajo da Hopi, yara su tsara kiɗa wa masu goge huɗu, ƙwararru su zo su buga abin da yaran suka rubuta. Cikin waɗanda suka daɗe suna wannan akwai rukunin ETHEL na New York, waɗanda kuma suka yi zaman makaɗan gida a Metropolitan, suka yi aiki mai tsawo da Robert Mirabal, mai sarewa daga Taos Pueblo, wani garin ƴan asalin ƙasar. Ka yi tunanin yarinya ƴar shekara 16 a ƙauye, ta miƙa wa ƙwararru huɗu takarda, su tambaye ta yadda take so a ja wannan wuri, ta ce a'a, ba haka ba, a sake. Kakarta a makarantar kwana ba a taɓa tambayarta komai ba.

Anti Bakatsiniya:
Wannan kam ya taɓa ni, Baba.

Jikan Mai Goge:
Ya taɓa ni ni ma, ba ƙarya. Sai dai har yanzu hanya ɗaya ake bi: yaran su koyi na masu goge. Ina son a nuna mini mai gogen da ya bar garinsu ya je ya durƙusa gaban tsoho shekara biyar, yana ɗaukar masa kaya, kafin a ba shi izinin waƙa ɗaya. Haka kakana ya koya, haka duk wani ɗan gado ya koya. Su kuwa atisayen kwana uku ne, a hau dandamali, a ce an haɗa al'adu.

Ɗan Damagaram:
Akwai masu zuwa, Yaya, ko da ba su kai yadda kake so ba. Vincent Segal, Bafaranshe mai babban goge, da Ballake Sissoko, ɗan Mali mai kora, sun daɗe suna abota suna kaɗawa tare kafin su ɗauki komai. Da suka tashi ɗauka, Segal ne ya bi shi Bamako, a sitidiyon Salif Keita suka yi, faifan ya fito a 2009. In ka saurara, sau da yawa babban gogen ba ya ma jan baka, tsinkar tsirkiya yake da yatsa yana yin aikin da ngoni zai yi a bayan kora. Ya ajiye abin da aka koya masa a makaranta ya ɗauki matsayin yaron makaɗi.

Mai Sitidiyo:
Wannan faifan ina da shi, kuma ina kunna wa yaran da ke zuwa koyon aiki wurina, don su ji yadda ake barin fili a cikin kiɗa. Amma Yaya Ɗan Damagaram, duba bayansa ka ga inda kamfanin da ya buga shi yake. A Paris yake. Masu shirya musu yawon wasa ma can suke. Ko an yi adalci a kan dandamali, takardar yarjejeniya a wani gari ake sa mata hannu, kuma ita ce ke faɗin wanda za a ci gaba da biya duk lokacin da aka kunna. Waƙar da aka rubuta wa suna "ta gargajiya" a takarda, kuɗinta na zuwa ne ga wanda ya yi mata kwaskwarima, don doka ba ta san yadda za ta biya ƙauye ba.

Ɗan Zongo:
To sai ƙauyen su yi rajista mana.

Mai Sitidiyo:
Da sunan wa? Sarkin garin, ko gidan da suka gaji waƙar, ko tsohuwar da ta fi kowa iya ta? Ka zo ka gwada raba kuɗin waƙar gaɗa guda ɗaya tsakanin unguwa biyu, in ka fita da rigarka lafiya ka dawo mu ci gaba.